Yaya, Wanda Ya Buɗe Ba Shi Ya Kulle Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana wanda muke ciki ɗaya, a gadon asibiti, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ya jawo masa. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya uku, da ni ƙanwarsa. Mutanen layinmu da na kewaye sun san shi da Mai Kwamfuta, domin sana'arsa ke nan, bin gidajen mutane yana duba lafiyar kwamfutocinsu, yana gyara wadda ta rikice, yana kula da wadda ba ta riga ta rikice ba.

Yaya, an ja mini kunne cewa mai ta'aziyya ba ya rubutu da fushi. Waɗanda suka ja kunnen ba su ne suka riƙa share maka yawu a asibiti ba. Zan faɗi alherinka kamar yadda aka saba, zan kuma faɗi abin da aka yi maka, wanda ya ji zafi ya nemi ruwan sanyi ya sha. Kai ka yi shiru har ka koma ga Ubangijinka. Ni ban gaji wannan halin ba, ka sani tun muna yara.

Har yanzu ina ganin ka da baƙar jakar nan taka mai mataccen zik, a ciki da sukudireba, da ɗan buroshin fenti na kakkaɓe ƙurar fanka, da filash-filash na ajiyar bayanai ɗaure da zare. Ba ka taɓa shiga gida ka faɗa wa kwamfuta da danne-danne ba. Sai ka ja kujera ka zauna, ka gaisa da kowa, sannan ka yi tambayarka ta kullum: mene ne abu na ƙarshe da aka yi mata kafin ta fara haka? Kowa kuma amsarsa ɗaya ce, wallahi ba a yi mata komai ba, haka kawai ta fara. Sai ka yi murmushi. Ka sha faɗa mini a hanya cewa kwamfuta ba ta ƙarya, masu ita ne suke yi, kuma ba don mugunta ba, don kunya.

Ka tsani fomat, wato a shafe komai da ke cikin kwamfuta a sake zuba mata babbar manhaja daga farko. Sauran masu gyara da shi suke farawa, don ya fi sauri. Kai kuwa cewa kake yi wanda ya yi fomat kafin ya gano cutar, tamkar wanda ya rushe ɗaki ne don ɓera ya shiga. Tsohuwar nas ɗin nan ta layinmu shaida ce. Kwamfutarta takan mutu da kanta duk bayan azahar, an shafe mata ita har sau biyu a banza. Ka je ka zauna a falonta kana shan shayi kana kallo, sai ga ta ta ɗauko wani zane mai kauri ta lulluɓe akwatin kwamfutar alhali tana kunne, wai kada ƙura ta shiga. Ka ce, "Mama, ai kin toshe mata hanci ne, zafi ke sumar da ita." Ta yi dariya har da hawaye. Ba ka karɓi komai a hannunta ba ranar, ka ce shayin ya biya.

Telan bakin titi kuma shi ne ya zare wayar wutar kwamfutarsa daga bango, kwamfutar tana tsakiyar sabunta kanta, don ya gaji da jira yana so ya rufe shago. Washegari ta ƙi tashi, sai ɗan da'irar nan ke ta juyawa a allo. Hotunan ɗinkunan mutane duk suna ciki. Ka wuni a shagonsa a kan benci, kana lallaɓa ta har ka mayar da ita yadda take a ranar da take da lafiya, ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Na tsokane ka na ce kai da kwamfutar ban san wa ya fi wani son jira ba. Ka ce in ta ce kada a kashe ta, to kada a kashe ta, ba ta cika roƙo ba.

Kana da tsarinka wanda ban ga wani da shi ba. Kowace kwamfutar gida sai ka raba ta ɗaki biyu. Akwai ɗakin yara, inda kowa zai yi karatu da kallo amma ba shi da ikon zuba sabuwar manhaja. Akwai ɗakin mai gida, mai kalmar sirri, wanda daga nan ne kawai ake iya zuba abu ko cire shi. Duk wata kuma kakan zagayo ka kwafe abin da ke ciki a wani faifan ajiya na waje, ka zare shi, ka damƙa wa uwar gidan ta ɓoye a durowar kayanta. Ka ce maza yar da abu suke yi, mata kuwa ko rasit ɗin bara ka tambaye su sai su fito da shi. In ka sauya wa kwamfuta faifan ciki saboda ya tsufa, ba ka jefar da tsohon ko mai shi ya ce a jefar. Sai ka sa shi a ambulan, ka rubuta gidan da ya fito, ka ajiye a kwali a ƙarƙashin gadonka. Matarka ta yi mita har ta gaji. Ni ma a gefenka na koyi ɗan abin da na iya, da shi nake cin abinci a ofishin makarantar da nake aiki.

Yanzu na zo kan mutumin da muke kira Mai Bene, mai dogon gidan nan na ƙarshen layi. Shekaru ka yi kana kula da kwamfutar falonsa. Kai ka sauya mata faifai lokacin da ta fara jan ƙafa. A cikinta akwai takardun kasuwancinsa, da hotunan auren 'yarsa, da bidiyoyin mahaifiyarsa da ta rasu, tana hira, tana dariya, tana yi wa jikoki faɗa. Yana da ɗan lele, saurayi da gemunsa, wanda ba a taɓa ce masa a'a ba. Shi ne ya matsa sai an ba shi kalmar sirrin ɗakin mai gida don ya zuba wani wasan da ya sauko da shi daga shafin ɓarayin manhaja. Uban ya kira ka ya ce ka ba ɗan nasa. Ka ce kalmar tasa ce, kwamfutar tasa ce, amma kana ba shi shawara kada ya bayar. Ya ce ba shawara ya kira ka ka ba shi ba. Haka aka ba saurayin kalmar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a jima ba muguwar manhaja ta biyo wasan, ta kulle duk abin da ke cikin kwamfutar. Ko hoto ɗaya ba ya buɗuwa, sai wani jan rubutu a allo yana cewa a biya kuɗi kafin a saki kayan. Mai Bene ya kira ka. Ka bar abincinka ka tafi. Ka ce masa kada ya biya kowa komai, matarsa ta ɗauko faifan da ke durowarta. A wannan karon kai da kanka ka yi fomat, don ka gano cutar kuma ba ta da wani magani. Ka zuba babbar manhaja sabuwa, ka sabunta ta, ka juye masa kayansa daga faifan ajiya. Kafin magariba yana zaune yana kallon mahaifiyarsa tana dariya a allo. Ka dawo gida kana murna, ka ba mu labari muna cin abinci.

Da ka san abin da wannan aikin zai jawo maka, na san duk da haka sai ka yi. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Wani abokinsa ne, irin masu sanin komai daga hira, ya ce masa ai irin wannan kulli ba mai iya buɗe shi sai wanda ya kulle. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kai ba buɗewa ka yi ba, shafewa ka yi ka zuba kwafi. Mai Bene ya haɗa lissafinsa: kai ka san kalmar sirri, kai kake shiga kwamfutar duk wata, kai ka dawo da kayan a wuni ɗaya. Ya aika aka kira ka, ya tare ka a bakin get ɗinsa da la'asar, lokacin da layi ke cike da mutane. Ya cakumi wuyan rigarka. Ina dawowa daga aiki na tarar da taron.

"Ɓarawon zaune! Shi ya kulle, shi ya buɗe. Da na biya, aljihunsa kuɗin za su faɗa. Duk mai kwamfuta a layin nan ya yi hattara da shi."

Kana ta cewa, "Ranka ya daɗe, ka saurare ni, kwafi ne na zuba." Wa zai saurara? Mai shagon kayan masarufi na layinmu yana tsaye. Tela yana tsaye da tef a wuya. Tsohuwar nas tana leƙe ta taga. Matar Mai Bene, wadda da hannunta ta miƙo maka faifan daga durowa, tana bayan labule. Ɗan lelen yana jingine da mota yana latsa waya. A cikinsu ba wanda ya buɗe baki. Ni na buɗe, kai kuma ka riƙe hannuna ka ja ni gida kana cewa in yi wa Allah in yi shiru.

Na roƙe ka ka fito da hujja. Kafin ka shafe kwamfutar ka duba tarihin abin da aka zuba mata, ka ga wasan, ka ga ranar da aka zuba shi, har ka ɗauki hoton allon a wayarka. Na ce ka nuna wa duniya. Ka ce in ka nuna, saurayin nan ne za a riƙa nunawa da baki, kuma yana neman aure. Ka ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To Yaya, wannan ta yi 'ya'ya, a gidanka kuma suka zuba.

Wayarka ta daina ƙara. Mutanen da ka yi wa aiki shekara da shekaru suka riƙa aiko a karɓar musu tsofaffin faifansu, wasu ko sallama ba sa yi da kyau. Tela ya koma tsallaka titi in ya hango ka. Aka fara kiran babban ɗanka ɗan mai kulle a makaranta, ya dawo da leɓe a fashe bai faɗa wa kowa dalili ba. Kai kuma kullum da safe sai ka yi wanka, ka sa riga, ka ɗauki jaka ka zauna a falo kana jiran kiran da ba zai zo ba. Na sha tarar da kai kana kakkaɓe fankar kwamfutar gidanka wadda ka kakkaɓe jiya. Ka daina dariya, ka rage ci, har ranar da matarka ta same ka a yashe a ƙofar banɗaki bakinka ya karkace.

Na san ajali na Allah ne, ba wanda ke ƙara wa wani kwana ko ya rage masa. Amma wanda ya tura mutum rijiya ba ya tsira da cewa dama kwanansa ya ƙare.

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Bayan ya kore ka, Mai Bene ya karɓe faifan ajiyar daga hannun matarsa, ya jona shi a jikin kwamfutar ya bar shi a nan dare da rana, wai bai ƙara yarda da kowa ba. Abin da ka sha hana shi ke nan, don cutar da ta shiga kwamfuta takan bi duk abin da ke jone da ita. Ɗan lelen kuma ya koma shafin da ya saba. Kana kwance a asibiti, ko cokali ba ka iya riƙewa, jan rubutun ya sake bayyana a falon Mai Bene. Wannan karon ya kulle kwamfutar, ya kulle faifan ajiyar tare da ita. Ya zaga masu gyara na kasuwa, kowa ya ce masa sai dai haƙuri. Ba kai a kusa balle a ce kai ne.

Mu ba mu san da wannan ba sai da ya zo gaisuwa. Ya zo da babbar riga da turare, ya zauna cikin maza, ya yi addu'a mai tsawo. Har na fara zaton kunya ce ta kawo shi. Da zai tafi sai ya ce a kira masa ƙanwar mamaci. Na fito muka tsaya a bakin ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce matarsa ta tuna masa marigayi ba ya jefar da tsohon faifai, ko za a duba masa na gidansa, don bidiyoyin mahaifiyarsa ba su da wani kwafi a duniya.

Na ce, "Wane marigayin? Ɓarawon zaune?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba ƙanwata, abin da ya wuce ai ya wuce."

Na ce masa ni ƙanwar mutum ɗaya ce, kuma an binne shi. Na shige ciki.

Na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gadonka. Ambulan ɗin yana nan da rubutun hannunka. Na jona faifan na ga yana da rai, na zare ban buɗe komai ba, don kai ka koya mini ba a leƙa kayan mutane. Ba zan ɓoye ba, na ɗauko guduma na ajiye kusa da shi, na daɗe ina kallon su biyun. Ina so ya ɗanɗana yadda ake rasa muryar wanda ake so. Matarka ta ce in ba shi ya tafi, ba ta son ƙara ganin fuskarsa. Mama ta ce, "Ki ba shi kayansa, 'yar nan. Da yayanki ne da tuni ya kai masa har gida." Na ce na sani, Mama, amma ni ba Yaya ba ce.

Na aika masa da sharaɗina. Ya tsaya a bakin get ɗin da ya tsaya, da la'asar kamar wancan karon, ɗansa a gefensa, ya faɗa wa layi gaskiya da muryar da ya faɗi ƙarya. Ya turo mai shago ya ba ni baki, na ce mai shago ya fara neman wanda zai ba shi baki shi ma. Ya turo matarsa, ta zauna tana kuka tana cewa ta so ta yi magana ranar, tsoro ya hana ta. Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta ƙofa hannu wofi. Ya aiko cewa zai ɗauki nauyin karatun yaranka. Na ce marayun nan sunan ubansu suke bukata, shi aka ƙwace musu.

Ya yi ta jan ƙafa, amma ya fito. Ni na bi gida-gida na kira mutane, tela da tef ɗinsa, nas da sandarta, har iyayen yaran da suka fasa wa ɗanka leɓe. Na riƙe hannun 'ya'yanka uku na tsayar da su a gaba. Mai Bene ya yi gyaran murya ya ce, ƙasa-ƙasa, wai an samu rashin fahimta tsakaninsa da marigayi.

Na ce, "Ba a ji ba. Ranar da ka kira shi ɓarawo har na layin baya sun ji."

Ya dube ni, ya dubi ambulan ɗin da ke hannuna. Sannan ya ɗaga murya. Ya ce ƙazafi ya yi maka. Ya ce ba kai ka kulle ba, ɗansa ne ya jawo cutar, wancan karon da wannan. Ya ce kai ka ceto masa kayansa, shi kuma ya saka maka da abin da ya saka. Ɗan lelen ya ce haka ne, idonsa a ƙasa. Na miƙa masa ambulan ɗin. Ya ce in yafe masa. Na ce ba ni ya yi wa ba, wanda ya yi wa kuma ba ya nan. Ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

Ku kuma da kuka tsaya kuna kallo a karon farko, kuka dawo kuna girgiza kai a na biyu kuna cewa dama kun san ba zai aikata ba, na ji ku. Da kun faɗi haka ranar da aka riƙe masa wuyan riga, da ya fi amfani. Tsofaffin faifanku da suka rage a kwali suna nan, kowa ya zo da ƙafarsa ya karɓa, ya kalli matar marigayin da 'ya'yansa a ido.

Na zaci in aka yi wannan zan ji sanyi. Na dawo gida na shiga ɗakinka don in ba ka labari, kamar yadda na saba in na ci nasara a faɗa. Sai na tarar da gado a gyare. Duk layi ya ji, Yaya, har wanda bai taɓa sanin ka ba ya ji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba, kai da ka fi kowa bukatar ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta binne ɗan da take zaton shi zai binne ta, Allah Ya ba ta juriya. Ina yi wa matarsa, wadda ta riƙe shi lokacin da kowa ya sake shi, Allah Ya saka mata da mafificin alheri. Ina yi wa 'ya'yansa, Allah Ya raya su, Ya sa su shiga makaranta kansu a ɗage. Wanda ya zalunce shi kuwa, sunan da ya ɓata ya mayar, ran da ya ƙuntata yana nan a kansa har ranar da za a tsaya gaban Mai hisabi.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi ya zama haske a gare shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka kuma isar masa, ta hanyar da Kai kaɗai Ka sani, cewa an wanke shi. Amin.